Zauren da ya karɓi taron manoman rani a Kano: abin da bitarmu ta gano

Mako biyu bayan mun tashi daga taron shekara na ƙungiyarmu ta manoman rani, kwamitin bita ya zauna da tarin takardu da rasitai domin ya yanke hukunci a kan wurin da ya karɓe mu, kuma ni ne aka ɗora wa rubuta abin da aka cimma. Wurin zauren taro ne mai haɗe da masauki da ɗakin girki a unguwar Nasarawa da ke Kano, mun kuma kama shi na kwana uku, daga Talata zuwa Alhamis, a tsakiyar Janairun 2025. Ba zan kama sunansa ba, saboda masu shi sun karɓi gyara cikin mutunci, kuma abin da ya same mu a can yana iya samun kowace ƙungiya a kowane zaure idan ba ta san abin da za ta tambaya kafin ta ba da kafin alƙalami ba.

Lokacin da muka zaɓa yana da dalili. Zuwa tsakiyar Janairu an daɗe da kai shinkafar damina gida, alkamar da aka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ta kama ƙasa, manomi yana iya barin ban ruwa a hannun yaransa na kwana uku ba tare da zuciyarsa ta tsaya a gona ba, sannan azumi yana tafe a farkon Maris. Wakilai sun zo daga Kura da Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, wasu daga Haɗeja da Auyo, wasu kuma daga nesa, daga Bakolori da Goronyo da Daɗin Kowa. Na faɗi wannan ne domin a san irin baƙin da zauren ya karɓa: yawancinsu dattawa ne masu sallah a kan lokaci, masu tashi tun asuba, waɗanda suka san shinkafa fiye da mai dafa ta, tare da mata masu sarrafa ta da kuma wasu matasan malaman gona.

Kafin in shiga hukunci, ya kamata in faɗi yadda muka tattara shi, domin a nan muka fara tuntuɓe. Da farko mun sa ƙuri'ar jin ra'ayi a zauren ƙungiya na WhatsApp, sai kusan kowa ya danna cewa komai ya yi kyau. Abin ya ba mu mamaki har sai da wani ya tuna mana cewa a irin wannan ƙuri'a kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya zaɓa, kuma ba ƙaramin mutum ne zai ce taro bai yi ba alhali shugaban da ya shirya shi yana kallo. Daga nan muka aika tambayoyi ta Google Forms ba tare da neman suna ba, amsoshi suka ɗan faɗi gaskiya, amma waɗanda suka cika su matasa ne masu manyan wayoyi, kuma yabonsu da kukansu duk a kan majigi da intanet suka tsaya. Abin da ya fi amfani shi ne na uku, wato da muka raba sunayen dattawa da na mata a tsakaninmu muka bi su da kira ɗaya bayan ɗaya, aka gaisa, aka tambayi gida da gona, sannan aka kawo maganar taro. A waɗannan hirarrakin ne batun ruwan alwala ya fito, batun da babu wanda ya rubuta shi a takarda ko da sau ɗaya.

Zan fara da wuta, domin ita ce abin da muka fi jin tsoro, kuma ita ce wurin ya fi cin yabo a kanta. Duk wanda yake Arewa a watan Oktoban 2024 bai manta da duhun da aka shiga na kwanaki ba, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, saboda haka tun ranar da muka je ganin wuri tambayarmu ta farko ita ce me za a yi idan an ɗauke. Manajan ya ce suna rukunin da ake kira Band A, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana kuma aka ɗaga masa kuɗi zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, ya kuma nuna mana janareto da ɗakin batiran sola. Gani ya kori ji. A rana ta biyu, wani malamin gona yana tsakiyar bayani a kan tsutsar tumatir ɗin nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa Kano da Kaduna ɓarna mai yawa a 2016, ya haska hoton ganye a allo yana bin layin da tsutsar ta ci da tsinken biro, sai wuta ta tafi. Fitilun rufi suka mutu, na'urorin sanyi suka yi shiru, amma majigi da lasifika ba su ko ƙifta ba, saboda an ɗora su a kan layin sola daban. Malamin bai ma san abin da ya faru ba sai da ya ga zauren ya yi duhu, ya ci gaba da maganarsa, kafin ya kai ƙarshen hoton janareto ya ɗauka. An kuma ajiye injin a can bayan gini, nesa da tagogi, don haka ƙararsa ba ta danne muryar kowa ba. Na halarci tarurruka da dama inda ɗauke wuta ke cinye kwata na awa ana jiran majigi ya sake tashi, saboda haka ban raina wannan tsari ba, kuma kwamiti ya ba shi cikakken maki ba tare da gardama ba.

Sai dai wutar da ta wadata ta jawo wata matsala mai ban dariya. Ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari, mutane sun shigo da safe cikin rigunan sanyi da rawuna, amma aka kunna na'urorin sanyaya ɗaki gaba ɗaya kamar ana watan Afrilu. Sau uku muna roƙon yaron da ke kula da su ya rage, yana cewa umarnin da aka ba shi ke nan, sai da ma'ajinmu ya je ofis da kansa aka kashe rabi. A fahimtata, ma'aikatan sun ɗauka sanyin ɗaki shi ne shaidar cewa baƙo ya ci kuɗinsa. Makirufo marar waya kuma guda ɗaya ne, batirinsa ya mutu a lokacin tambayoyi, dole masu tambaya suka riƙa tasowa daga ƙarshen zaure zuwa gaba, abin da ya sa mata da yawa suka haƙura da tambayoyinsu.

Yanzu ga babban abin da ya rage wa wurin daraja a idon wakilai. Masallacin harabar ƙarami ne, bai wuce sahu huɗu ba, amma wannan ba laifi ba ne, domin ana iya shimfiɗa tabarmi a waje, kuma an shimfiɗa. Laifin yana wurin alwala, inda famfo uku ne kacal da butoci waɗanda ba su kai goma ba, ga jama'ar da za su fito lokaci guda idan an kira azahar. A jadawalinmu mun ware minti 45 domin salla da cin abinci, amma a ranar farko abin ya ci fiye da awa ɗaya da rabi, mutane suna tsaye a layi hannun riga a naɗe, wasu suna sayen ruwan leda a bakin ƙofa suna tsugunawa a gindin katanga. Na ga wani dattijo daga Auyo, wanda ya girmi mahaifina, riƙe da takalmansa a hannu ɗaya yana jiran wani matashi ya gama da buta, da na ce masa, “Baba, ga tawa,” sai ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, mu da muke kwana a bakin ruwa, yau ga mu muna layin ruwa a birni.” Wannan jinkiri bai tsaya a harabar masallaci ba, domin shi ne ya tura zaman rana har ya ci karo da la'asar, aka yanke tattaunawar da aka shirya a kan bashin taki da iri, wadda ita ce ta kawo wakilai da yawa daga nesa.

Halin da mata suka shiga ya fi na maza muni, kuma mu maza ba mu sani ba sai bayan an tashi. Ba a tanadar musu wurin alwala daban ba, sai dai kwanon wanke hannu na banɗaki, wanda yake da tsawo har ba ya yiwuwa babbar mace ta ɗaga ƙafa ta wanke a cikinsa, kuma inda aka ce su yi salla wani lungu ne a bayan labule kusa da hanyar da masu abinci ke wucewa da tirori. Shugabar mata ba ta ce komai ba a lokacin taron. Da na kira ta daga baya na ce, “Hajiya, yaya kuka ga wurin?” sai ta ce, “Malam Sakatare, kujerun sun yi laushi, amma wanda ya gina wurin nan bai taɓa tunanin mace za ta wuni a cikinsa ba.” Wasu daga cikinsu sun rage shan ruwa da shayi da gangan domin kada su buƙaci fita, wasu kuma sun haɗa azahar da la'asar a masauki. A gaskiya rabin wannan laifi namu ne, domin mu huɗu muka je ganin wurin kafin a biya, duka maza, muka duba kujeru da fitilu da filin ajiye motoci, babu wanda ya leƙa ɓangaren mata.

Adalci ya sa in faɗi cewa ma'aikatan ba su naɗe hannu ba. Da safiyar rana ta biyu mun tarar an jera manyan robobin ruwa a gefen masallaci, an sayo sababbin butoci masu yawa har da takardar kanti a jikinsu, an kuma buɗe wa mata wani ƙaramin ɗakin taro da ba a amfani da shi aka shimfiɗa musu darduma. A masauki kuwa, tun daren farko akwai yaran da ke zagayawa kafin kiran asuba suna ajiye bokitin ruwan zafi a ƙofar kowane ɗaki, abin da babu shi a yarjejeniya, kuma a irin sanyin Janairu dattawa sun yi ta sa musu albarka. Ɗakunan suna da tsabta, zannuwan gado wankakku ne, sai dai barguna sun yi kaɗan a ɗakunan da aka sa mutum biyu.

Maganar abinci ta ɗauki lokaci a zaman kwamiti, domin ciyar da manoman shinkafa da shinkafa jarrabawa ce mai wuya. A cin rana na farko an kawo dafa-duka, sai na ga wani wakili daga Kura ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya duba tsawonta, ya ce wa na kusa da shi wannan Faro 44 ce, kuma an gyara ta da kyau. Hakan ya faranta wa mutane rai, domin 'yar gida ce, babu tsakuwa, babu warin turara, kuma ba ta caɓe ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe da aka yi a daren Laraba shi ne abin da aka fi yabawa a cikin dukan abin da aka ci, kabewar ta nuna, gyaɗar ta ji, man bai yi yawa ba. Karin kumallo na kunun gyaɗa da ƙosai da waina ma ya yi, ko da yake ba ya fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, alhali mutanen da ake ciyarwa sun tashi tun kafin biyar. Wasu sun gaji da jira sun fita neman mai shayi a bakin titi.

Inda ɗakin girkin ya gaza shi ne rabo. Ana fara kai wa babban teburi, a jera masa kwanuka har da waɗanda ba za a buɗe ba, sannan a bi layuka daga gaba zuwa baya, ta yadda kafin a kai ga na ƙarshe nama ya ƙare, abincin kuma ya huce. Na baya kuwa, kamar yadda aka saba, su ne mata da wakilan ƙananan rassa. Haka kuma shayin da ake kawowa an riga an zuba masa sukari a cikin tukunya, alhali a cikin kowane taron dattawa akwai masu ciwon suga da hawan jini waɗanda ba za su tashi su yi shela a kan lalurarsu ba. Raba sukari daban ba ya cin kuɗi, tunani kawai yake buƙata. A nan ma muna da namu kason, domin adadin da muka ba su ya gaza waɗanda suka zo, kasancewar kowane shugaban reshe ya taho da direba ko ɗan rakiya wanda ba a rubuta shi ba.

Akwai wani abu a bakin ƙofa da ya ɓata wa mutane rai fiye da yadda masu wurin suka zata. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ce motar talaka, kuma da ita yawancin wakilanmu suka iso daga tasha. Masu gadi ba sa barin adaidaita ta shiga haraba, saboda haka dattijo zai sauka a titi ya ɗauki jakarsa ya taka har zaure, yayin da mai babbar mota ake buɗe masa ƙofa da “ranka ya daɗe” ba tare da an tambaye shi wurin wa ya zo ba. Ban ƙi dokar tsaro ba, amma wanda ya zo da silifas da hula ta koɗe sai an tsare shi da tambayoyi ko da yana rataye da katin taro a wuya, kuma daga cikin waɗanda aka tsare haka har da mutumin da gonarsa ta fi ta kowa girma a ƙungiyar.

Sai lissafi. Farashin da aka faɗa mana da farko ya yi daidai da na sauran zaurukan da muka zagaya a wannan yanki, bai fi su tsada ba, bai kuma yi arahar da za ta sa mutum zargi ba. Amma takardar ƙarshe ta zo da abubuwa uku a ƙasa. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari doka ce tun 2020, babu mai jayayya da shi, sai dai ya kamata a faɗa tun farko ko yana cikin farashi ko yana waje. Na biyu kuɗin hidima ne wanda ba a ambace shi a yarjejeniya ba. Na uku kuma kuɗin man janareto ne na awannin da muka ƙara bayan lokacin tashi. Ma'aji ya biya cikon da ba a gardama a kansa ta taransfa, ya riƙe sauran har sai an zauna.

Abin da ya sa kwamiti bai yanke wa wurin hukunci mai tsanani ba shi ne abin da ya faru a wannan zama. Mun gayyaci manajan ba tare da mun sa ran zai zo ba, sai ga shi ya zo da littafinsa, ya cire takalmi ya zauna tare da mu, ya saurari duk abin da na lissafa a sama ba tare da ya katse kowa ba. Da aka zo kan kuɗin mai, shugabanmu ya ce masa, “Alhaji, awar da muka ƙara ranar Talata a layin famfonku muka ɓatar da ita, yaya za mu biya man da ruwanku ya ƙona?” Manajan ya yi shiru, ya duba takardarsa, sannan ya ce gaskiya ne, ya soke na ranar Talata. Na ranar Alhamis kuwa ya ƙi sokewa, kuma yana da hujja, domin a ranar mu ne muka zauna awa biyu muna jiran babban baƙon da zai rufe taro, wanda a ƙarshe wakili ya aiko. Kuɗin hidima aka raba shi biyu. A kan masu gadi ya nemi afuwa, a kan shayi ya yi dariya ya ce shi ma likita ya hana shi sukari.

Ga ƙungiyar da taronta na wuni ɗaya ne, mai mutane kaɗan, wanda ya dogara da majigi da sauti, kamar horon ma'aikata ko ƙaddamar da wani shiri, wannan zaure yana cikin waɗanda zan nuna ba tare da fargaba ba, domin wutarsa ba ta yankewa, girkinsa mai kyau ne, kuma shugabancinsa yana jin magana. Ga taro irin namu, na kwana da kwanaki, mai tara dattawa da mata daga karkara, bai kammala shiri ba tukuna, ko da yake abin da ya rage masa aikin mai gyaran famfo ne da horon ma'aikata, wanda ba ya buƙatar rushe gini.

Kwamiti ya amince da rinjaye cewa za a iya komawa baɗi bisa sharuɗɗan da za a rubuta a cikin yarjejeniya: a ƙara famfunan alwala, a keɓe wa mata nasu da wurin salla mai ƙofa, a kawo makirufo marar waya aƙalla biyu, a raba abinci daga wurare biyu a lokaci guda, a bar adaidaita ta sauke fasinja a cikin haraba, sannan a rubuta farashi na ƙarshe da haraji da komai a cikinsa. Shugabar mata ta ƙi sa hannu a kan shawarar, ta ce ba za ta sa ba sai ta je da ƙafarta ta ga abin da aka gina. An tsayar cewa ita da ma'aji za su ziyarci wurin bayan girbin damina, a ranar da ake wani taro a ciki, kuma su isa daidai lokacin da ake kiran azahar.